ME KE SA MA'AIKACI YA YI AIKI DA ZUCIYA ƊAYA?

A kowace ma'aikata, ko ofis, ko asibiti, ko masaƙa, akan sami mutum biyu masu matsayi ɗaya da albashi ɗaya, amma ɗaya yana aiki kamar a gonar ubansa, ɗayan kuwa idonsa na kan agogo tun da hantsi. Me ya kawo wannan bambanci? Masana harkar tafiyar da ma'aikatu sun fi shekara 100 suna neman amsa. Ya kamata ɗalibai, musamman 'yan ajin ƙarshe, su san abin da aka gano, domin nan gaba kaɗan wasunku za su yi aiki a ƙarƙashin wani, wasu kuma za a ba su mutane su shugabanta.

Masu Cewa Kuɗi Ne

Wani injiniya ɗan Amurka mai suna Frederick Taylor ya fitar da littafinsa a kan wannan batu a 1911. A ganinsa ma'aikaci don kuɗi kawai yake aiki. Saboda haka sai manaja ya riƙe agogo ya auna kowane motsi, ya tsara hanya mafi sauri, ya kuma biya mutum gwargwadon abin da ya yi. Taylor ya ba da labarin wani lebura mai loda ƙarfe a kamfanin Bethlehem Steel, wanda lodinsa na yini ya tashi daga tan 12 da rabi zuwa tan 47, ladansa kuma ya tashi daga dala 1.15 zuwa dala 1.85. Mai karatu ya lura: aiki ya kusa ninkawa huɗu, amma lada bai ko ninka biyu ba. Shi ya sa ƙungiyoyin ƙwadago suka ƙi jinin wannan tsari, suka ce ya mai da mutum inji.

Duk da haka kuɗi yana da ƙarfinsa. A 1913 kamfanin motoci na Ford ya ɗauki mutum fiye da 50,000 don kawai ya riƙe guraben aiki wajen 14,000, saboda mutane suna shiga suna gudu don wahalar aikin. A watan Janairu 1914 Henry Ford ya sanar da ladan dala 5 a yini, wato fiye da ninki biyu na da, ya kuma rage lokacin aiki daga awa 9 zuwa 8. Nan da nan gudun ya ragu ƙwarai.

Masu Cewa Kulawa Ce

Daga 1924 zuwa 1932 an yi wani dogon bincike a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric, kusa da birnin Shikago. A 1927 aka ware mata 5 masu haɗa kayan tarho a ɗaki na musamman, aka riƙa ba su hutu a tsakiyar aiki, ana rage musu awoyi, ana kuma tambayar ra'ayinsu. Aikinsu ya ƙaru. Da aka janye hutun na wani lokaci, aikin bai koma yadda yake a da ba. Farfesa Elton Mayo na Jami'ar Harvard ya fassara wannan da cewa matan sun ji an san da zamansu, kuma sun zama ƙungiya mai haɗin kai. Daga baya wasu masana sun nuna cewa an canza yadda ake biyan matan, an kuma sauya biyu daga cikinsu, don haka ba kulawa kaɗai ta yi aiki ba. Amma tun daga lokacin manajoji suka fara ɗaukar zamantakewar wurin aiki da muhimmanci.

A 1943 Abraham Maslow ya jera bukatun ɗan'adam hawa biyar: abinci da barci, sai tsaro, sai zumunci, sai mutunci, sannan a can sama mutum ya ga ya yi amfani da baiwarsa sosai. Ba kullum mutane ke bin hawan nan a jere ba, amma akwai gaskiya a ciki wadda kakanninmu suka sani: da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda bai biya kuɗin haya ba, takardar yabo ba za ta faranta masa rai ba.

Abin Da Ya Haɗa Su

A 1959 Frederick Herzberg da abokan aikinsa suka buga sakamakon hirar da suka yi da injiniyoyi da akantoci wajen 200 a yankin Pittsburgh. Sun ce wa kowa ya tuna lokacin da ya fi jin daɗin aikinsa da lokacin da ya fi ɓacin rai. Labaran ɓacin rai sun fi faɗawa a kan dokokin kamfani, halin shugaba, albashi da yanayin wurin aiki. Labaran jin daɗi kuwa sun fi faɗawa a kan nasarar kammala aiki mai wuya, yabo, ɗaukar nauyi da ƙarin girma. Darasin shi ne, gyara albashi da muhalli yana kashe gunaguni, amma himma daga aikin kansa take tsirowa. Kamar share gona ne da shuka: in ba a share ba ciyawa ta cinye, in kuma an share ba a shuka ba, babu girbi.

Mu ma a Nijeriya mun ga misali. A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukuma a ƙarƙashin Cif Jerome Udoji don ta duba aikin gwamnati. Rahotonta na 1974 ya ba da shawarar ƙarin albashi, da kuma sabon tsarin da za a riƙa sa wa kowane ma'aikaci manufa ana auna sakamakonsa. Ƙarin albashi da ariyas aka biya a 1975, farashin kaya ya yi tashin gwauron zabi, shawarwarin gyaran aiki kuwa ba su yi nisa ba. Har yau in an ce "Udoji", kuɗin ake tunawa.

Shawara Ga Shugabannin Gobe

Douglas McGregor ya nuna a 1960 cewa manajan da ya ɗauka mutanensa ragwaye ne yakan tsananta musu har su daina yin komai sai an tsaya a kansu, sa'an nan ya ce ai da ma ya faɗa. Wanda ya amince da su kuwa yakan ba su dama su nuna iyawarsu.

Saboda haka, duk wanda aka ba shi mutane, ko shugaban ɗalibai ne ko manajan banki, ya kiyaye waɗannan abubuwa. Ya biya hakki cikakke a kan lokaci. Ya daidaita lada da aiki, domin ba abin da ke kashe gwiwa kamar a ga rago ya sami abin da mai ƙwazo bai samu ba. Ya faɗa wa kowa amfanin aikinsa. Ya yaba a gaban jama'a, ya tsawata a keɓe. Ya kuma ba mutum wani nauyi da zai kira nasa. Uku na ƙarshen nan ba su cin ko kwabo, don haka babu shugaban da zai ce talauci ya hana shi.