Yadda ake cire filtar man mota a gida

A wannan wata zancen mota zan yi maku, ko da yake ni ba makaniki ba ne. Malamin yaƙi da jahilci ne ni a wani ƙauye na gabashin Mirriya. Abin da ya sa na ɗauko zancen, wata wahala ce da muka sha a garinmu kan ɗan gwangwanin da bai fi kofin shayi babba ba.

Mota ɗaya gare mu a gari, tsohuwar Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya. Ita ke kai kayan lambu kasuwar Mirriya ran Lahadi, ita ke zuwa Damagaram ran Alhamis, ita ce kuma ke ɗaukar mai naƙuda in abu ya yi tsanani da dare. Direbanta ɗalibina ne. Wata Asabar da la'asar ya ce zai yi juyen mai, abin da makanikai ke kira bidanji, don ya huta da kuɗin garaji. Baƙin mai ya zuba lafiya. Da aka zo ga filta, sai ta ƙi motsi. Ya kama da hannu, ya kama da tsumma, babu labari. Sai ya ɗauko turnabis da guduma ya huda ta, ya murɗa da ƙarfi. Gwangwanin ya yage kamar takarda, gindinsa ya tsaya manne a jikin inji. Sai bayan isha'i maƙerin gari ya fitar mana da shi. Cikin duhu aka ɗaura sabuwa, ba wanda ya lura tsohuwar robar ta liƙe a wurin. Da asuba an yi lodi, ba a yi kilomita 2 ba jar fitila ta kama, mai duk ya tsiyaye a hanya. Allah ya sa direban ya kashe inji nan take. Inji ya tsira, amma tumatir da salati na gida bakwai ba su ga kasuwa ba.

To, mene ne aikin wannan gwangwani? Mai yana zagaya inji kamar yadda jini ke zagaya jiki. Yana tafe yana kwasar ƙura da toka da garin ƙarfe. A cikin filta akwai takarda mai kauri da aka naɗe ninki ninki, ita ke tare dattin, kamar yadda rariya ke tare tsaki. In takardar ta toshe, akwai ƴar ƙofa a ciki da ke buɗewa don kada inji ya rasa mai. Ke nan mota tana tafiya, kai kana murna, alhali mai yana wucewa ba tacewa, yana cin ƙarfe a hankali. Ba ka jin kome sai ran da inji ya buga.

Dabarar ba ta yau ba ce. A shekarar 1923 wasu mutum biyu a Amurka, Ernest Sweetland da George Greenhalgh, suka ƙago filtar mai ta mota, suka sa mata suna Purolator. A ƙarshen 1924 ne motocin Citroën masu ratsa Afirka suka biyo ta Damagaram, lokacin tana babban birnin mulkin Faransa a Nijar. Irin ta gwangwani da ake murɗawa, wadda muka fi sani, sai cikin shekarun 1950 ta fito. Masu ƙera mota na cewa inda ƙura ta yi yawa a canza mai da filta kamar kowane kilomita 5,000. Wanda ya taɓa bin hanyar Tanut ko ta Gure cikin hunturu ya san mu ne ake nufi.

Kafin ka taɓa kome, tsayar da mota a wuri mai daidai, ja birkin hannu, sa duwatsu gaba da bayan taya. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak kaɗai, balle a ƙasarmu mai rairayi inda jak ke nutsewa. In kana son sarari, gara ka gina ɗan rami ka tsayar da motar a kansa. Tada inji minti 5 don mai ya yi ruwa ruwa, ka kashe, ka jira har ka iya taɓa shi da hannu. Tara tsohon kwano mai cin lita 6 ko fiye, kwance notin ƙasa, bar mai ya zube. In filtar tana kusa da wayoyin sitata, cire kan batir na baƙar waya tukuna, don ƙarfe na iya haɗa wuta.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke ɓata aiki tun farko: wajen da ake murɗawa. In kana fuskantar filta, hagu ake juya ta, daidai yadda kake buɗe murfin bidon. Mutumin da ke kwance a ƙasa, kansa a juye, yakan rikice ya yi ta ɗaurewa yana tsammani kwancewa yake. Shi ya sa nake ce ma ɗalibaina su zana kibiya da alli ko gawayi a jikin gwangwanin kafin su kwanta.

Fara da hannu. Goge maiƙon sarai da tsumma busasshe. In hannu na zamewa, yanko robar cikin taya ka naɗa mata, ko takardar nan mai yashi ta masassaƙa, fuskar yashin na kallon gwangwani. Filtar da aka ɗaura bisa ƙa'ida, wannan ya ishe ta.

In ta ƙi, sai a koma ga bel. Tsohuwar kuruwar fanka ta yi, bel na fata ma ya yi, kuma fata ba ta wuya a Damagaram. Ka zagaya shi a jikin filta, ka haɗa bakin biyu a jikin doguwar kile ko sandar ƙarfe, ka naɗe har ya matse. Ka shirya shi yadda in ka ja hagu zai ƙara kamawa. In ka ga yana sakewa, ka juya naɗin. Abu ɗaya da za ka kiyaye: kama ta can gindi, kusa da jikin inji. Nan ne ƙarfen ke da ƙarfi. Tsakiyar gwangwani ba ta fi ta gwangwanin tumatir kauri sosai ba, da ka matsa sai ta loɓa. Kuma ja a hankali, kada ka fizga. Roba ce ta liƙe saboda zafi, sannu sannu take saki.

Wanda ya fi wannan ƙarfi shi ne na sarƙa. Ana sayar da shi a shagunan kayan mota, amma kowane mai walda zai yi maka shi da guntun sarƙar keke ko ta babur da ƙarfe mai tsawon kamu biyu. A ganina duk garin da ke da mota ko injin niƙa babba ya kamata a ajiye ɗaya. Aibinsa guda: yana son fili, kuma yana cizon gwangwani. Kada ka kusanta shi da sabuwar filta ko kaɗan.

Akwai kuma kile mai kamar hula, wadda ke zama a kan filta daidai, a sa mata hannu a murɗa. Ita ta fi kowace tsabtar aiki, ita ce kuma ke shiga lungun da hannu ba ya kai. Sai dai kowace filta da girman hularta. Masu sababbin Toyota su lura da kyau. Da yawansu ba gwangwani gare su ba, takarda ce tsirara cikin wani kofi da ake kwancewa, a canza takardar da robarta a mayar da kofin. Kofin na son hula mai milimita 64 da gefe 14. In ka sa masa sarƙa ko guduma ya tsage, mota ta kwanta har sai an samo wani daga birni, watakila ma daga Kano.

Huda filta da turnabis, wanda ya jawo mana asara, dabara ce ta ƙarshe. Ban ce ba ta aiki ba. Amma ka sani daga lokacin da ka huda ta, motar ba ta sake tashi sai aikin ya ƙare. Kada ka yi sai sabuwa na hannunka kuma rana na sama. Ka huda can nesa da gindi, don a tsakiyar gindin akwai bututun inji mai zare wanda filta ke hawa kansa. In gwangwani ya yage, sai a yi yadda maƙerinmu ya yi: ya ɗora ƙarfe mai faɗin baki a gefen farantin da ya rage, ya riƙa bugawa kaɗan kaɗan zuwa hagu har ya juya. Ya kiyaye bai taɓa fuskar inji ba, don in ta karce, mai zai riƙa zuba har abada.

Filta ta fita. Kada ka jefar da ita tukuna. Juya ta ka duba gindinta: baƙar robar nan mai kamar awarwaro tana nan? In babu, tana jikin inji, ka ɓamɓare ta da farce. Roba biyu ba su zama wuri ɗaya, da mai ya taso da ƙarfi sai ya fashe tsakaninsu. Wannan dubawa ba ta cin minti ɗaya, ita ce muka tsallake.

Sa'an nan ka jera tsohuwa da sabuwa. Lamba ɗaya ce? Faɗin roba ɗaya ne? Ramin zaren ɗaya ne? Akwai zare iri biyu masu kama da juna, ɗaya na awon inci, ɗaya na milimita. Wata filtar za ta hau kamar ta zauna, sai kan hanya ta kwance. Ka rubuta lambar filtarka a littafi, ka tafi da shi kasuwa, kada ka dogara da "ai duk ɗaya ne" na mai shago. In ka ɗaga sabuwa ka ji ta sakayau, ko rubutun jikinta na gogewa da yatsa, ajiye masa abinsa. Jabu ta yi yawa, kuma arharta ba ta kai kuɗin gyaran inji ba.

Wajen ɗaurawa, goge fuskar inji, tsoma yatsa cikin sabon mai ka shafa ma robar. Murɗa da hannu zuwa dama har roba ta taɓa ƙarfe, ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Shi ke nan. Ba kile, ba sarƙa, ba kiran ƙaton gari ya gwada ƙarfi. Yawancin filtar da ke gagara cirewa, wanda ya ɗaura ta ne ya matse ta da ƙarfe, ko ya sa ta a bushe. Mayar da notin ƙasa, zuba mai gwargwadon abin da injin ke ci, tada shi ba tare da taka totur ba. Jar fitila mai siffar buta za ta mutu cikin ƴan daƙiƙu. In ba ta mutu ba, kashe inji maza. Leƙa ƙasa ka ga ko akwai ɗigo. Kashe, jira minti 5, zaro ƙarfen awo ka cika abin da ya rage, don sabuwar filta ta sha nata.

Saura baƙin man da ke cikin kwano. Tun 2011 matatar SORAZ da ke kan hanyar Tanut take tace mana fetur da gazuwal, ababen hawa sai ƙaruwa suke, baƙin mai ma haka. Mu kuwa mun san tsadar ruwa a Damagaram. A lambunan Mirriya da Gidimuni ruwa na kusa da ƙasa, abin da ka zubar yau zai iske rijiya. Kada a zuba shi kusa da rijiya ko tabki, kada a shafa ma raƙumi ko akuya don ƙazwa, a kai su wurin ma'aikatan dabbobi. Ka wanke hannu da sabulu, don yawan zamansa a fata na kawo ciwo. Kife tsohuwar filta cikin kwano ta kwana tana tsiyaya, ka juye duka cikin bidon mai murfi, nesa da yara da wuta, ka kai garaji ran da ka shiga birni.

Direbanmu yanzu yana da kilen sarƙa rataye a bayan kujera, da ɗan littafi inda yake rubuta rana da kilomita da lambar filta. Juye na gaba ya faɗo ran Asabar, ya ce a'a, sai Litinin da hantsi.