Damin Kara Goma-Goma, Maganin Wuyar Lissafi

 Yau zancenmu a kan lissafi ne, darasin nan da yara da yawa suke gudu kamar an ce ga kura.

Sau da yawa yarinya takan kai aji biyar, a ba ta ɗebewa a kan allo ta kasa. Malami ya ce ba ta da kai, uwa kuma ta ce ai dama lissafi na maza ne. Amma wannan yarinyar ce za ta ɗauki farantin ƙuli-ƙuli, a miƙo mata naira 1,000 a sayi na 350, ta mayar da 650 ko yatsunta ba ta duba ba. Wadda ta iya wannan ba a ce mata daƙiƙiya. Akwai dai inda zare ya tsinke mata a makaranta, aikinmu kuwa mu nemo wurin mu ƙulla.

Galibi zaren yakan tsinke tun aji ɗaya ko biyu, wajen sanin matsayin lamba. Watau yaro ya gane cewa 5 ɗin da ke cikin 52 ba biyar ba ce, goma ce har sau biyar. In bai gane wannan ba, aka ce ya ɗebe 17 daga 52, sai ya duba 2 da 7 ya cire ƙarama daga babba ya sami 5, ya cire 1 daga 5 ya sami 4, ya rubuta 45. Amsa kuwa 35 ce. Ya sha bulala, gobe ya sake yin haka, don bulala ba ta kwance dami. Ana ta ciyar da shi gaba aji-aji, ana ɗora masa ninkawa da rabawa a kan ginin da ba shi da tushe.

Wannan ciwo ba a ƙasarmu kaɗai yake ba. A Indiya wata ƙungiya mai suna Pratham ta fito da dabarar koya wa yaro daga inda saninsa ya tsaya, ba daga ajin da yake zaune ba. A shekarar 2019 aka kawo dabarar Jihar Kano cikin wani shiri da ake kira KaLMA, wanda hukumar SUBEB ta yi tare da British Council a makarantun Wudil da Dawakin Tofa, don 'yan aji huɗu zuwa shida. Akan gwada kowane yaro shi kaɗai, a raba su rukuni-rukuni gwargwadon abin da suka iya, a koyar da su da tsinke da dami. Da cutar korona ta sa aka rufe makarantu a shekarar 2020, sai aka mai da darussan ta rediyo da takardun aiki a gida. Kun ga ashe tsakar gida ma aji ne. Abin da ya yiwu a Wudil ba abin da zai hana shi yiwuwa a Karaye da Rogo.

To, ga yadda za ki gwada ɗanki, ba tsawa ba zagi. Da fari rubuta masa lambobi daga 1 zuwa 9 a hargitse, ya karanta. In ya wuce, ba shi masu biyu-biyu, kamar 14 da 41, ki ga ko zai bambanta su. In ya wuce, ba shi ɗebewa mai aro irin wadda na nuna a sama. In ya wuce, ba shi rabawa, kamar 72 tsakanin mutum 6. Duk inda ya cije, nan ne saninsa ya tsaya, kuma daga nan za ki fara, ko da yana aji shida. Kada ki ji kunyar komawa baya. Hausawa sun ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Kayan aikin kuwa ba saya za ki yi ba. Bayan kaka kara yana ko'ina, ga kuma tsinken tsintsiya. Sa yaro ya yanka su gajeru-gajeru, ya ƙirga goma ya ɗaure da zare, ya zama dami ɗaya. Ki ce ya ajiye miki 52: dami biyar a hagu, ƙwaya biyu a dama. Ki ce ya ba ki 17. Zai ga ƙwaya biyu ba ta isa ya cire bakwai, dole ya kwance dami ɗaya su zama goma sha biyu. Ya cire bakwai saura biyar, ya cire dami ɗaya daga huɗun da suka rage saura uku. Ga 35 a gabansa. Abin da malami yake nufi da aro ke nan. Sai ki sa ya rubuta abin da hannunsa ya yi. Minti goma sha biyar kullum bayan la'asar ta fi awa biyu ranar Asabar.

Harshenmu ma yana taimako. Kakanninmu sukan ce gomiya biyu maimakon ashirin, gomiya uku maimakon talatin. Yaron da ya ji gomiya biyar da biyu ya riga ya ga damin a zuci. Ku tuna kuma kafin a kawo naira a shekarar 1973, iyayenmu mata da kwabo 12 suke haɗa sule, da sule 20 suke haɗa fam, suna adashi, suna awo, ba su taɓa riƙe alli ba. Wa ya ce lissafi na maza ne?

Ku kuma 'yan makaranta, in uwa ba ta yi boko ba, ke ce malamar gidanku. Zaunar da ƙaninki ki koya masa, za ki ga naki lissafin ma ya ƙara zama. In ba ki gane abu a aji ba, ɗaga hannu ki tambaya, mai tambaya ba ya ɓata. Wadda take so ta zama malamar asibiti sai ta iya auna magani, wadda za ta yi ɗinki sai ta iya auna yadi, wadda za ta riƙe jari sai ta san ribarta daga uwar kuɗi.

Daga ƙarshe, iyaye mata, ku riƙa duba littafin yaro. In kin gano inda ya cije, je ki gaya wa malaminsa, ko ki aika maigida. In an kira taron iyaye da malamai, ku roƙi hedimasta ya ware ɗan lokaci kullum a haɗa yara gwargwadon saninsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya buɗa ƙwaƙwalwar 'ya'yanmu, ya ba su ilmi mai amfani, amin. Sai mako mai zuwa.