Kalmomin Turanci da Suka Sake Riga

Duk wanda ya buɗe wasan kwaikwayon Shakespeare, ko Baibul na Sarki James da aka buga a 1611, abin da ke fara razana shi shi ne kalmomi irin su *hath* da *doth* da *thou*. A ganina an ajiye tsoron nan inda bai kamata ba. Baƙuwar kalma takan tsayar da mai karatu, ya ɗauko ƙamus ya duba, ya ci gaba. Wadda ke kayar da shi ita ce wadda yake furtawa kullum, alhali a wancan zamani wani abu dabam take nufi. Ba zai tsaya ba, tunda a zatonsa ya san ta, sai ya wuce da gurguwar fahimta hankalinsa kwance.

A ɗauki *prevent*. Yau ma'anarta hanawa, amma a Baibul na 1611 sau da yawa nufinta a riga wani isa, kamar yadda take a asalinta na Latin. Akwai kuma wata tsohuwar *let* mai nufin tare hanya, kishiyar *let* ɗin da aka sani mai nufin ƙyalewa, kuma har gobe tana nan a rubutun da ke cikin fasfon Birtaniya. Wasu kalmomin ƙanƙancewa suka yi: *meat* duk wani abin ci ne a da, *deer* kowace irin dabba, *starve* mutuwa ko ta wace hanya, kamar yadda 'yan'uwansu na Jamusanci, *Tier* da *sterben*, suke har yanzu. A zamanin marubuci Chaucer, wanda ya rasu a 1400, *girl* na iya zama yaro ko yarinya. Wasu kuwa daraja ce ta zube musu. *Silly* ta faro ne da nufin mai albarka kafin ta koma wawa, *knave* yaro ne kawai, *villain* kuwa talakan da ke noma a gandun mai gida, kuma ba sai an faɗi wane ne yake da bakin da ya mai da manomi mugu ba.

Babu wadda ta kai *thou* juyewa. Mai karatu na yau yakan ji ta da nauyi da girma, saboda a addu'a da waƙoƙin coci ta fi saura. A bakin mutanen Shakespeare kuwa ita ce "kai" ko "ke", wadda ake faɗa wa yaro, ko bara, ko masoyi, ko wanda aka raina. *You* ita ce "ku", ta jam'i da ta girmamawa. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin ya san bambancin "ka zo" da "kun zo lafiya, Baba", ya kuma san abin da ake nufi idan yaro ya ce wa dattijo "kai". A shari'ar Walter Raleigh a 1603, babban lauyan gwamnati Edward Coke ya jefe shi da *thou* da gangan don ya ci masa mutunci. 'Yan ɗariƙar Quaker, mabiya George Fox, sun dage sai sun kira kowa da ita, alƙali ne ko basarake, bisa aƙidar cewa mutane duka ɗaya suke, kuma sun sha wuya a kan haka. Daga baya ladabi ya yi yawa har *you* ta cinye fagen, *thou* ta maƙale a karin harshen yankuna irin su Yorkshire. Wanda bai san wannan ba, zai karanta wurin da ɗan wasa ya sauka daga *you* zuwa *thou* cikin fushi, ya ɗauka girmamawa ce aka ƙara.

Wani zai ce ai tsohuwar ma'anar ita ce ta gaskiya, ta yau lalacewa ce. Matsalar wannan magana ita ce ba ta da wurin tsayawa. *Nice* ta samo asali daga kalmar Latin mai nufin jahili, ta shigo ta hanyar Faransanci, kuma wajen shekarar 1300 wawa take nufi. Shin wanda ya yaba wa maƙwabcinsa da ita yau zaginsa ya yi? Mu ma da muke cewa "waya" ba zaren ƙarfe muke nufi ba, kuma jirgi ya bar ruwa ya hau dogo ya tashi sama ba tare da kowa ya ce Hausa ta ɓaci ba. Samuel Johnson da kansa, a gabatarwar ƙamusunsa na 1755, ya amsa cewa burin ɗaure harshe kada ya motsa ba mai yiwuwa ba ne. Shi ya sa babban ƙamus na Oxford, wanda aka kammala a 1928, ya jera ma'anonin kowace kalma tare da misalai da shekarunsu.

Wani kuma zai ce zaren magana ya isa ya nuna wa mai karatu hanya. Wani lokaci yakan isa, amma sau da yawa sabuwar ma'anar takan zauna daram a jimlar, ta ba da wani labari dabam. *Wherefore* tana nufin "don me", amma da yake ta yi kama da *where*, ɗalibai da yawa masu karanta wasan Shakespeare na Romeo da Juliet sukan ɗauka Juliet cigiyar inda Romeo yake take yi. Alhali tambaya take yi don me ya kasance Romeo, ɗan gidan Montague, abokan gabar iyayenta.