Wayoyin da Ke Riƙe Turken Jirgin Iska

A jirgin ruwa mai tafiya da iska, dogon turken da ke ɗauke da ƙyallen da iska ke turawa yana tsaye ne da taimakon wayoyin ƙarfe marasa tsatsa: ɗaya gaba, ɗaya baya, sauran a gefe biyu. Galibi kowace waya sili 19 ce a murɗe.

Ɗaure su sai da lissafi. Idan sun yi sako-sako, turken zai riƙa rawa har ya karye. Idan an matse su fiye da kima, jikin jirgin ne zai sha wahala. Masu gyara kan auna mita 2 na wayar gefe, su juya notin da ke ƙasan wayar har ta miƙe da milimita 3, wato ɗaurin ya kai kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyin da zai tsinka ta. Daga nan a fita kan ruwa, a kalli turken daga gindinsa, a tabbatar bai karkace ba.