Dillancin gidaje: me ake saye da la'ada?

Ranar 31 ga watan Oktoba na shekarar 2023, a birnin Kansas City na jihar Misuri ta ƙasar Amurka, wata kotun tarayya ta yanke hukuncin da ya girgiza masu sana'ar dillancin gidaje. Mutanen da aka zaɓo don taya alƙali shari'a ba su kai awa uku suna shawara ba, suka fito suka ce babbar ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasar, wadda ake kira NAR, tare da wasu manyan kamfanoni biyu, sun haɗa baki sun hana la'ada sauka. Aka ɗora musu biyan diyyar dala miliyar 1 da miliyon 780. Kada mai karatu ya ruɗe, dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Maraɗi mai tamma biyar ba. Waɗanda suka shigar da ƙarar kuwa mutane ne da suka sayar da gidajensu, aka zaftare musu la'adar da suke ganin ta wuce ƙima.

Tambayar da ta kai su gaban alƙali tsohuwa ce, kuma duk wanda ya taɓa sayar da gida ko kango ya san ta: shin dillalin da ke ɗaukar nauyin ciniki tun daga tayi har zuwa sa hannu ya cancanci abin da yake karɓa, ko kuwa gara mutum ya nemi mai araha, wanda zai yi masa rabin aiki a kan rabin kuɗi?

A Amurka an shekara da shekaru mai sayarwa ne ke biyan la'adar duka, kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari na kuɗin gida. Dillalinsa ya ɗauki rabi, ya miƙa rabi ga dillalin mai saye. A shekarar 2024 matsakaicin farashin gida a ƙasar ya zarta dala dubu 400, ke nan kashi 6 ya kama dala dubu 24, abin da ya haura miliyon 13 na sefa, a kan ciniki guda. Da wannan kuɗi dillali ke kimanta gidan, ya sa a ɗauki hotuna, ya shigar da shi babban kundin gidajen sayarwa da dillalai ke rabawa tsakaninsu, wanda ake kira MLS, ya zagaya da masu saye, ya ja ciniki, ya bi takardu har ƙarshe. Kamfanonin araha kuwa iri biyu ne. Akwai masu rage la'adar ɓangarensu zuwa kashi 1 ko 1 da rabi. Akwai kuma masu karɓar wani tsayayyen kuɗi kaɗan su sa gidan cikin kundi, su bar mai shi ya ji da sauran ɗawainiya.

Hujjar manyan dillalai guda ce: araha ba ta ado. Suna cewa gwanin dillali yakan samo farashin da zai biya la'adarsa har ya bar rara. To amma lissafi bai cika goyon bayansu ba. A ɗauki gidan nan na dala dubu 400. Bayan an raba la'ada da ɓangaren mai saye, kamfanin da dillalin ke yi wa aiki ya cire rabonsa, sau da yawa abin da ke shiga aljihun dillalin kansa bai wuce kashi 1 da rabi ba. In ya yi haƙuri na mako biyu ya samo ƙarin dala dubu 20, mai gida zai ƙaru da dala 18.800, shi kuwa dala 300 kawai zai gani. Wa zai ƙara mako biyu yana yawo da makulli saboda dala 300, alhali wani cinikin na jiransa? Abin da ya fi masa shi ne ya lallashi mai gida ya sallama da wuri.

Wasu malaman tattalin arziki biyu na Jami'ar Chicago, Steven Levitt da Chad Syverson, sun bi diddigin wannan zato. Suka duba cinikin gidaje kusan dubu 100 a kewayen Chicago, suka kwatanta gidajen da dillalai suka sayar wa jama'a da gidajensu na kansu. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna cewa idan gidan dillali ne, yakan bar shi a kasuwa kwana tara zuwa goma fiye da na mutane, kuma ya sayar da shi da tsada da kashi 3,7 cikin ɗari. Dillali ya san haƙuri na da riba, sai dai ya fi tuna haka idan kayan nasa ne. Wani binciken da aka buga a 2009 game da birnin Madison na jihar Wiskonsin ya gano cewa waɗanda suka tallata gidajensu da kansu ba su sayar da araha fiye da masu dillali ba. Abin da dillali ya ƙara shi ne sauri: gidan da ke cikin kundinsu ya fi saurin samun mai saye.

In haka ne, me ya hana masu araha cinye kasuwa tuntuni? A nan ne ƙarar Kansas City ta samo tushe. Tun da dillalin mai saye daga hannun mai sayarwa yake cin abinci, kuma kundin na nuna masa nawa kowane gida ya ware masa, sai ya riƙa kai mutanensa inda rabonsa ya fi tsoka. Binciken da aka buga a 2017 kan gidaje sama da dubu 600 a yankin Boston ya nuna cewa gidan da aka rage la'adarsa yakan ƙara daɗewa a kasuwa da kashi 12 cikin ɗari, kuma damar sayar da shi ta ragu da kashi 5. Mai gidan da ya nemi sauƙi sai ya ga ƙafa ta ɗauke daga ƙofarsa, bai san dalili ba.

Su ma masu arahar ba su wanye lafiya ba

Labarin kamfanin Purplebricks na Ingila ya isa darasi. A can la'ada ba ta da nauyi irin ta Amurka, kashi 1 zuwa 2 ce galibi, amma duk da haka kamfanin, wanda aka kafa a 2012, ya shigo da sabon salo ta hanyar intanet: mai gida ya biya tsayayyen kuɗi, ko an sayar ko ba a sayar ba. A 2017 darajarsa a kasuwar hannun jari ta haura fam miliyar guda. Ya tsallaka Ostareliya da Amurka, ya janye daga dukansu a 2019. A 2023 aka sayar da shi ga wani abokin hamayyarsa, Strike, a kan fam ɗaya tak. Raunin salon a bayyane yake ga kowane ɗan kasuwa: wanda kuɗinsa ya tabbata tun kafin ciniki ya faɗa, ba shi da abin da zai hana shi barci.

A Amurka kamfanin Redfin, wanda aka kafa a Siyatul a 2004, ya gwada wata hanyar. Ya sa dillalansa a kan albashi, ya rage la'adar mai sayarwa. Ya yi suna ƙwarai, amma yawancin shekarunsa asara ya yi ta ƙirgawa. A 2024 ya mayar da dillalan nasa kan la'ada kamar kowa, a 2025 kuma kamfanin bayar da bashin gidaje na Rocket ya saye shi.

Ita kuwa NAR, a watan Maris na 2024 ta yarda ta biya dala miliyon 418 a kashe wutar. Daga 17 ga Agusta na wannan shekara aka hana rubuta rabon dillalin mai saye cikin kundi, aka kuma wajabta wa mai saye sa hannu a yarjejeniya da dillalinsa kafin a fara zagayen gidaje. An yi ta hasashen la'ada za ta faɗi warwas. Ƙididdigar da Redfin ya fitar a 2025 ta nuna rabon dillalin mai saye yana nan kusa da kashi 2,4, kusan inda yake kafin shari'ar. Doka ta sauya, al'ada ta yi zamanta.

Faransa ma tana da nata ƙorafin. A watan Yuni na 2023 hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta ce matsakaiciyar la'ada ta kai kashi 5,78, alhali a sauran ƙasashen Tarayyar Turai tana wajen kashi 4. Sai dai dokar Hoguet ta 1970 ta kafa sharuɗɗan da suka cancanci a yi koyi da su: dillali sai da katin sana'a, sai da rubutacciyar wakilci daga mai gida, kuma ba ya taɓa la'ada sai ciniki ya tabbata a rubuce.

A Nijar lamuni ne abin nema

Ba a koya wa Bahaushe dillanci. A kasuwannin dabbobi irin su Abalak da Badagishiri, baƙon da ya koro shanu daga daji ba tallar kawai yake biya ba idan ya ba da la'ada. Dillalin ne ke tsaya masa, shi ne kuma zai amsa tambaya in daga baya aka ce saniyar ta sata ce. La'ada a nan ladan lamuni ce. Da wannan ma'auni ya kamata a auna dillalin gida, ko na bakin titi ne mai babur da wayar salula, ko na ajans mai ofis da sakatare a unguwar Plato ta Yamai.

Dalili kuwa shi ne, abin da ke cin mutane a ƙasar nan ba tsadar la'ada ba ne. A Amurka mai gida na iya duba nawa aka sayar da gidan maƙwabcinsa bara, akwai kuma kamfanonin inshora masu tabbatar da takardun mallaka, shi ya sa wanda ya iya allonsa ke iya rage dillali. A Yamai ko Damagaram babu irin wannan kundi. Farashi a cikin kan dillalai yake, takardu kuwa hawa-hawa ne: shaidar mallakar gargajiya daga hannun mai gari, takardar da lameri ke bayarwa wadda aka fi sani da acte de cession, sa'an nan titir fonsiye, wadda ita ce mai cikakken ƙarfi. Parsel guda da aka sayar wa mutum biyu, da gidan gado da ɗa guda ya sayar ba da sanin ƴan'uwansa ba, shari'u ne da kotuna suka saba gani. Tsofaffin ma'aikata ba su manta da farkon shekarun 2000 ba, zamanin Tandja Mamadou, lokacin da gwamnati ta biya bashin albashi da filaye. Da yawa daga cikinsu, saboda matsin rayuwa, sun sayar da takardunsu da araha ba tare da sun taka wurin ba, ribar kuwa ta tafi ga waɗanda suka san inda gari zai miƙa.

Ga kuma maganar ruwa. A watan Satumba na 2020 kogin Isa ya yi cikar da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, ya shiga Lamorde da Kirkisoye da Karaje. A damanar 2024 Maraɗi ta sha ambaliya, a Damagaram har tsohon masallacin unguwar Birni ya rushe. Gidan da aka nuna wa mai saye cikin watan Maris, ƙasa a bushe, fenti sabo, ba ya faɗin abin da ke faruwa da shi a watan Agusta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba zai faɗa ba. Dillalin unguwa ya sani shi ma. Ko zai faɗa, wannan ya danganta ga wanda ke biyansa, da kuma ko yana sa ran sake haɗuwa da mai sayen.

Saboda haka amsar ta bambanta daga mutum zuwa mutum. Ɗan kasuwar da aka haifa a Maraɗi, ya san unguwar Zariya lungu-lungu, yana da yaran da za su bi masa takardu, ba ya bukatar fiye da wanda zai haɗa shi da mai saye, kuma ba laifi ya biya kaɗan. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Tawa zuwa Yamai, ko ɗan ci-ranin da ke aiko kuɗi daga Abijan don a saya masa fili, shi ne ya fi bukatar cikakken aiki, kuma shi ne aka fi cuta. Gare shi ajans mai adireshi, wadda za a iya kai ƙararta, ta fi dillalin da ke iya sauya lambar waya gobe. Amma ofis da sanyin na'ura ba lamuni ba ne. In ajans ba ta je ma'aikatar filaye ta tabbatar da takarda ba, ba ta kuma kai cinikin gaban noter ba, to aikin mai babur ta yi a kan kuɗin mai ofis.

Mafi tsadar dillali kuwa shi ne wanda bai faɗi la'adarsa ba sam. Mai gida ya ce miliyon 18 yake so, dillali ya je ya ce wa mai saye miliyon 21, ya hana su ganin juna, wani lokaci ma dillalai uku ne a jere kowa da nasa ƙarin. Maganin wannan bai wuce mai saye da mai sayarwa su zauna ido da ido ba, a faɗi farashi gaban shaidu, a rubuta la'ada da wanda zai biya ta, kuma kada ta fita sai an sa hannu.

Matsalar da malaman Chicago suka gano ma tana da magani a wajen yanka la'adar. A ɗauki gida na miliyon 20. In kashi 5 aka yanka kai tsaye, dillalin da ya sallama a miliyon 20 zai tashi da miliyon 1, wanda ya wahala ya kai shi miliyon 22 zai ƙaru da jaka 100 kawai. In kuwa aka ce kashi 3 a kan miliyon 20 na farko, kashi 20 a kan duk abin da ya haura, mai gaggawa zai tashi da jaka 600, mai haƙuri ya tashi da miliyon 1, mai gida kuma ya riƙe miliyon 21.