Gurbin Adabi da Ilimin Zamantakewa a Karatun Likita

Tun bayan rahoton da Abraham Flexner ya fitar a 1910 kan makarantun koyon aikin likita na Amurka da Kanada, horar da likitoci ya karkata ga ɗakin gwaje-gwaje, inda ɗalibi yake shafe shekarun farko yana nazarin sassan jiki da ƙwayoyin cuta kafin ya tsaya gaban majinyaci. Tsarin ya ceci rayuka masu yawa, amma ya bar giɓi, domin mai ciwo yakan zo asibiti ɗauke da tsoronsa da aƙidarsa da halin aljihunsa, waɗanda na'ura ba ta gano su.

Don cike wannan giɓi ne kwalejin likitanci ta Jami'ar Jihar Pennsylvania ta buɗe sashen koyar da adabi da tarihi da falsafa a 1967. Daga baya Rita Charon ta Jami'ar Columbia ta kafa shirin da ke sa ɗalibai karanta labarai da rubuta abin da suka ji daga bakin marasa lafiya, saboda wanda ya saba bin zaren labari ya fi saurin lura da inda majinyaci ya yi shiru ko ya kauce wa tambaya.

Amfanin wannan a fili yake a ɗakin ganin likita na ƙasar Hausa, inda mace takan shigo da mijinta ko surukarta, su amsa tambayoyi a madadinta, ita kuwa kunya ta sa ta kira matsalar mahaifa da ciwon ciki kawai, ta kuma ɓoye jiƙon da ta sha a gida don gudun faɗa. Ilimin zamantakewa, wato nazarin yadda al'ada da iko da talauci suke juya rayuwar jama'a, shi ke nuna wa likita wanda zai nemi ya ɗan fita waje da irin lafazin da zai sa ta saki jiki. Haka nan ƙin rigakafin shan inna a Kano a 2003 ba ya fahimtuwa ga wanda bai san gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a birnin a 1996 ba.

Babbar matsalar ita ce makarantu da dama suna jefa waɗannan darussa a gefen jadawali ba tare da jarrabawa ba, alhali ɗalibin da karatu ya yi wa yawa yakan ba da ƙarfinsa ne ga abin da za a tambaye shi a ƙarshen zango.