Legas: Teku na Tasowa, Mu Kuma Muna Cike Fadamu da Yashi

Yau Legas za mu leƙa, garin da kusan kowannenmu ke da ɗan uwa a Agege, Idi-Araba ko kasuwar Mile 12. Maganar ruwa za mu yi: teku na tasowa, fadamun da ke kare garin kuma ana cike su da yashi ana ɗora benaye.

Mu fara da tekun. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce daga 1901 zuwa 2018 ruwan teku ya ɗaga da kusan santimita 20. Dalilai biyu ne manya: ƙanƙara na narkewa, sannan ruwa in ya ɗumama kumbura yake yi. Wani zai ce, to ai taƙi ɗaya ne kawai. Haka ne, amma sassa da yawa na Legas kusan kafaɗa da kafaɗa suke da teku. In aka yi mamakon ruwan sama daidai lokacin da teku ya cika, magudanai ba su da inda za su juye, sai ruwan ya dawo cikin gidaje. Duk wanda ya ga hotunan ambaliyar Yulin 2024 ya san abin da nake nufi.

A nan fadama ke shigowa. Kamar soso take: ta shanye ruwa, ta sake shi a hankali. A bakin tafkin Legas da rafukansa kuma akwai itatuwan da ake kira mangurof, masu jijiyoyi a waje kamar ƙafafu. Jijiyoyin nan suna karya ƙarfin igiyar ruwa, suna riƙe laka, a cikinsu kuma kifi da jatan lande ke hayayyafa.

Ga abin da nake so ku riƙe. Dajin mangurof ba a tsaye yake ba. Lakar da yake tarawa tana ɗaga ƙasar da yake kai a hankali, in kuma teku ya fi shi sauri, sababbin tsirrai sai su matsa baya, wajen tudu. To in bayan nasa katangar siminti ce da rukunin gidaje fa? Gaba kura, baya sayaki. A nan zai nutse ya mutu. Kenan kare fadama ba dasa itatuwa ba ne kawai, bar mata filin ja da baya ne.

Legas ta taɓa ganin darasi. A farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka suka jera duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa. Duwatsun suka tare yashin da igiya ke kawowa daga yamma, teku ya yi ta cin Bar Beach shekara da shekaru. Yau a wurin aka gina Eko Atlantic, da katangar duwatsu mai tsawon kilomita 8 da wani abu. Katanga na kare abin da ke bayanta, amma mazauna gabas da ita, irin su Okun Alfa, sun daɗe suna kukan teku na cinye musu gidaje. Ruwa ba ya ɓacewa. In ka hana shi nan, zai nemi ƙofar wanda ba shi da kuɗin katanga.

Mafita fa? A daina ba da izinin cike sauran fadamun. A sa ido kan masu haƙar yashi a tafki. A daina mayar da magudanai juji. Kuma abin mai yiwuwa ne: tun 1990 aka killace hekta 78 na daji da fadama a Lekki, ga shi nan har yau gine-gine sun kewaye shi amma yana raye.

Namu aikin shi ne tambaya. Tun 1992 dokar Najeriya ta wajabta binciken illa ga muhalli kafin a fara babban aiki. In ka ga ana zuba yashi a fadama, tambayi ina rahoton yake. Tambayar nan ta shafi kududdufan Kano da ake cikewa ma, don lissafin ɗaya ne.